Manyan Haruffan Bayan Rigar Ƙwallo

Haruffan da ake bugawa a bayan rigar 'yan ƙwallo da waɗanda ake rubuta kanun labaran jarida da su dangi ɗaya ne: masu kauri, masu kusurwa, an ƙera su ne don ido ya cafke su daga nesa. Ba a cika shafi da su, domin idan aka jera su layi-layi suna gajiyar da mai karatu. Aikinsu bai wuce kalma biyu ko uku ba, ko lamba ɗaya tak, amma a hango ta tun daga bakin fili.

A Manchok, wani gari a ƙaramar hukumar Kaura a kudancin Jihar Kaduna, kasuwar waɗannan haruffa ta fi ci ne a watan Disamba, lokacin da matasa ke dawowa gida hutun Kirsimeti ana shirya gasa tsakanin unguwanni da ƙauyuka. Ƙungiya takan yi karo-karo ta sayi riguna, sababbi ko na gwanjo, ta kai wa mai zane a gari, ko a Kafanchan, ko ma Jos. Mai aiki da hannu yakan shimfiɗa kwali, ya zana lamba da rula, ya bi layin da reza. Idan ya zo kan 8 ko 0 sai ya bar 'yar siririyar gada don kada cikin lambar ya faɗo. Daga nan ya ɗora kwalin a bayan riga, ya tsoma soso a fenti, ya riƙa dannawa a hankali har ya kama.

A nan ake gane dalilin kusurwoyin. Reza ta fi jin daɗin miƙaƙƙen layi, lanƙwasa kuwa tana sa hannu ya kauce, shi ya sa sifili kan fito da kusurwa takwas maimakon da'ira. Kusan haka salon ya samo asali a kwalejojin Amurka, inda ake yanka haruffa daga ƙyalle mai kauri a ɗinka a ƙirjin riga. Yau yawancin shaguna sun koma kwamfuta, ana tsarawa a CorelDraw, inji ya yanka, a manna da zafi, amma siffar ba ta sauya ba, saboda ido ya riga ya saba ganin ƙarfi da zafin nama a cikinta.

Sa lamba a riga ba tsohon abu ba ne can-can. A wasan ƙarshe na kofin FA na 1933 a Ingila, 'yan Everton sun sa 1 zuwa 11, 'yan Manchester City suka ɗauki 12 zuwa 22. Lamba ta shiga gasar cin kofin duniya a 1950, sunaye kuma sai a 1994, shekarar da Super Eagles ta fara zuwa. Hukumar FIFA ta ƙayyade tsawon lambar baya tsakanin santimita 25 zuwa 35, don alƙalin wasa da 'yan kallo su karanta ba wahala. Duk da haka ado yakan rinjayi amfani. Haruffan da Adidas ya fitar a gasar 2018 ta Rasha sun sha suka, don tsabar kusurwa ta sa D da O suka zama kamar tagwaye. Harafin da ba ya karantuwa ya gaza, komai kyansa.

A fagen jarida, salon Impact, wanda Geoffrey Lee ya zana a Ingila a 1965, yana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa. Da yake kusan kowace kwamfuta tana zuwa da shi, shi ne ake yawan gani a fostocin siyasa, da sanarwar taron coci, da allunan shaguna.

Babban giɓin da ke nan shi ne na haruffan gida. Tun shekarun 1930 aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta taimaka wajen kafa su. Amma da yawa daga cikin salon manyan haruffan nan an zana su ne a Turai da Amurka, babu masu ƙugiya a ciki. Sai Ɗanladi ya koma Danladi a bayan riga, a kanun labari kuwa ƙasa ta zama kasa, ɓata ya zama bata. Harshen mutanen Moro'a na Manchok da 'yan uwansu Atyap ma yana da wasula masu layi a ƙarƙashi, irin su a̱, waɗanda su ma sukan ɓace a hanya. Abin sha'awa, mai reza da kwali ba ya wannan asara, domin da hannunsa yake ƙara wa D ƙugiyarsa.

Akwai salon haruffa na kyauta a intanet masu ɗauke da Ɓ da Ɗ da Ƙ, irin su Noto Sans mai kauri. Ya kamata masu shagunan buga riguna su neme su, shugabannin ƙungiyoyi kuma su duba rubutun kowane suna a fuskar kwamfuta kafin inji ya fara yanka.