Gargaɗi ga Jama'ar Garuruwan Turawa, Karaye da Rogo: Shanyewar Ɓarin Jiki Ba Shafar Iska Ba Ce

'Yan uwa, a saurara. Dattijo yana alwalar asuba, buta ta kuɓuce daga hannunsa, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Nan take sai a ce iska ta buge shi, ko an yi masa sammu, a kawo hayaƙi, a nemi rubutu, a kwana biyu ana shafe-shafe. Kafin a kai shi asibiti, ɓarnar ta riga ta gama.

Ciwon nan a ƙwaƙwalwa yake. Ko dai jijiyar jini ta toshe, ko ta fashe jini ya malala a ciki, kuma kowane minti da ya wuce wani yanki na ƙwaƙwalwar yana mutuwa. Babban dalilinsa hawan jini ne. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, wanda sakamakonsa ya fito a 2018, ya nuna hawan jini ya fi komai jawo shi, da tazara mai nisa. Ciwon suga, kitse a jini, shan taba da yawan gishiri suna ƙara haɗarin. Kuma ba tsofaffi kaɗai yake kayarwa ba, magidanta masu ƙarfin noma ma suna kwance a gadajen asibiti saboda shi.

Idan ka ga bakin mutum ya karkace, hannu ko ƙafa na gefe guda ya saki, magana ta rikice, ido ya dushe farat ɗaya, ko ciwon kai mai tsanani da bai taɓa yin irinsa ba, nemi mota yanzu. Ko alamun sun wuce bayan 'yan mintuna, a je asibiti. Kada a ɗura masa ruwa, koko ko rubutu, domin maƙogwaro kan kasa haɗiya, abin ya zarce huhu. Kada a ba shi asfirin, idan jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin. A kwantar da shi a gefensa, a riƙe lokacin da abin ya fara, likita zai tambaya. A fara da Babban Asibitin Karaye ko asibitin da ya fi kusa, in sun tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano don hoton kai, kada a tsaya shawarar dangi. Addu'a a yi ta a cikin mota.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu barin maganin hawan jini don sun ji sauƙi. Hawan jini ba ya sallama, mutum yana jin garau alhali awonsa ya haura 140/90. Baba, Inna, maganin nan na kullum ne. Uwargida, a rage gishiri da dunƙulen miya.

Duk wanda ya kai shekara 40, ya je a auna masa jini a wannan makon, ya kuma tafi da iyayensa.