Ɗora babban inji a ƙaramar motar gudu: misalin Cobra da wasu motocin Ingila

Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba wata tambaya da ke yawan tasowa a darasin kanikanci: in an cire injin ƙaramar motar gudu aka ɗora mata wanda ya fi shi girma, me ake samu, kuma me ake asara? Mun ɗauki misalanmu daga motocin Ingila na shekarun 1960 da 1970. Abin da muke so mu nuna shi ne, ƙarfin inji ba ya amfani sai sauran sassan mota sun iya ɗaukarsa.

1. Dalilin musanya inji

Abin da ke sa mota ta zabura shi ne yawan ƙarfin da ke tura kowane kilo na nauyinta. Motocin gudu na Ingila ƙanana ne, marasa nauyi, amma injunansu ba su cika wuce lita 2 ko 3 ba. Amurka kuwa, inda mai ke da arha, tana ƙera manyan injuna masu silinda 8 da aka jera layi biyu kamar harafin V, watau V8. Daga nan tunanin ya fito: a haɗa jikin Ingila da injin Amurka.

2. Daga Ace zuwa Cobra

Kamfanin AC na garin Thames Ditton ya fito da motar Ace a shekara ta 1953. Shasinta na bututun ƙarfe ne, jikinta kuma na alminiyom. Daga 1956 ana sa mata injin Bristol mai silinda 6 da lita 2, mai ƙarfin doki wajen 120. A 1961 Bristol ya daina ƙera wannan inji. A watan Satumba na wannan shekara Carroll Shelby, mutumin Texas wanda ya ci tseren awa 24 na Le Mans a 1959 kafin ciwon zuciya ya raba shi da tsere, ya rubuto wa AC yana neman a gyara masa Ace yadda za ta ɗauki V8.

An yi dace Ford ya gama sabon V8 wanda aka yi zubinsa da siraran bango, saboda haka nauyinsa bai zarce na Bristol da yawa ba. Motar gwaji ta isa Los Angeles a watan Fabrairu na 1962. Guda 75 na farko sun fito da inji mai lita 4,3, sa'an nan aka koma mai lita 4,7 da ƙarfin doki 271. Ƙarfi ya ninka har ya wuce, alhali nauyin motar yana nan kusa da tan ɗaya. Ita ce aka sa wa suna Cobra.

To, amma aikin bai tsaya ga inji ba. Tun a motar gwaji aka sa difaransiyel mai ƙwari, watau na'urar da ke raba juyi tsakanin tayoyin baya, domin na Ace ba zai jure ba. Aka sa birkin faifai a ƙafafu huɗu. A farkon 1963 aka sake tsarin sitiyari. Da aka zo ɗora inji mai lita 7 da ƙarfin doki 425 a 1965, tsohon shasi ya kai iyakarsa. Sai da aka ƙera sabo, kaurin manyan bututunsa ya tashi daga kusan santimita 7,6 zuwa 10, aka bar sifirin mai falle-falle aka koma mai naɗi, aka faɗaɗa jiki domin manyan tayoyi, aka buɗe hanci domin iska ta ƙara shiga. A wannan mataki, kaɗan ne ya rage na Ace in ban da kamanni.

3. Sassan da sabon inji ke taɓawa

a) Ƙarfin murɗawa. Babban inji yana murɗa akwatin giya da sandar da ke kai juyi baya fiye da yadda aka auna musu. Sashen da ya fi rauni shi ne zai fara karyewa, in an gyara shi kuma matsalar ta matsa ga na gaba.

b) Zafi. A injin fetur, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ƙarfin mai ke zama aiki. Saura zafi ne, wanda ke fita ta bututun hayaƙi da ta lagireto. In ƙarfi ya ninka, zafi ma ya ninka, ga wuri ya ƙara matsewa.

c) Birki. Zafin da birki zai shanye yana ƙaruwa da gudu sau gudu. Motar da ke tafiyar kilomita 140 a awa tana ɗauke da kusan ninki biyu na abin da take ɗauke da shi a kilomita 100.

d) Wuri. Motar Sunbeam Tiger, wadda aka yi daga 1964 zuwa 1967, Alpine ce mai silinda 4 da aka cusa wa V8 na Ford. Injin ya cika wurin sosai, har ɗaya daga cikin fulogoginsa, abin da a garejinmu ake ce wa buji, ba a kai masa sai ta wata kafa da aka huda daga cikin mota.

4. Nauyi: darasin MG

Mafi muhimmanci a ganinmu shi ne nauyi da inda ya zauna. Kamfanin MG ya gwada hanya biyu a kan mota guda, watau MGB mai lita 1,8 da ƙarfin doki 95. A 1967 ya sa mata inji mai silinda 6 da lita 2,9 na zubin ƙarfe, ya kira ta MGC. Ƙarfi ya kai 145, amma nauyi ya taru a gaba, motar tana ƙin shan kwana. Ba ta karɓu ba, aka daina yin ta a 1969.

A 1973 aka sake gwaji da V8 na Rover mai lita 3,5, bayan wani makanike mai zaman kansa, Ken Costello, ya nuna abin yana yiwuwa. Wannan inji na alminiyom ne, bai ma kai nauyin mai silinda 4 na asali ba. Ƙarfinsa 137 ne, ƙasa da na MGC, duk da haka motar ta fi daɗin tuƙi, domin ma'auninta bai ɓaci ba. Ke nan lita da ƙarfin doki ba su isa a yanke hukunci a kan inji ba, dole a auna shi a sikeli.

Kammalawa

Misalan nan sun nuna musanya inji sake tsara mota ne gaba ɗaya, kuma waɗanda suka ci nasara su ne waɗanda suka bi ƙarfin tun daga inji har taya. Akwai kuma tambayoyi biyu da ba na kanikanci ba. Ta farko ta doka ce: motar da aka sake wa inji ta saɓa da abin da takardunta suka faɗa, kuma mai inshora yana iya ƙin biya in hatsari ya auku. Ta biyu ta daraja ce: masu tara tsofaffin motoci sun fi sayen wadda ke da injinta na asali da tsada. Saboda haka muna ba ɗalibai shawara, kafin su yarda da irin wannan aiki, su lissafa nauyi da zafi da birki tukuna, su kuma adana tsohon inji yadda za a iya mai da shi wurinsa.