Bakandamiyar Narambaɗa: Asalinta da Waɗanda Suka Gina Ta

A kasuwar Agiye, ko a Gazawa, ko a Gidan Runji, da wuya a sami dattijon da bai san muryar Ibrahim Narambaɗa ba. Cikin waƙoƙinsa kuwa, wadda ta fi suna ita ce Bakandamiya.

An haifi Narambaɗa a Tubali, cikin ƙasar Isa, a Najeriya. Masu binciken tarihinsa sun ce mahaifinsa, Maidangwale, ɗan dambe ne wanda ya fito daga Filinge, nan ƙasarmu ta Nijar. Kiɗan kotso kuwa, ta wajen dangin uwa ya gaje shi. Da kiɗan noma ya fara, kafin ya zama makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Ya rasu a farkon shekarun 1960.

Ba abin mamaki ba ne da waƙarsa ta sami gindin zama a jihar Maraɗi. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri. Iyaka ta raba ƙasa, amma harshe da kunnen kiɗa ɗaya ne.

A cikin Bakandamiya, makaɗin ya wasa kansa da gwanintarsa, ya nuna cewa ya fi abokan sana'arsa. Daga baya sunan ya zama ma'auni: Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, shi ma yana da tasa Bakandamiyar.

To, wa ya tsara ta? Jama'a za su ce Narambaɗa, kuma gaskiya ne. Sai dai waƙar fada ba aikin baki ɗaya ba ce. Jagora yakan ɗauko zance, ƴan amshi su karɓe, su ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari, makaɗa kuma su riƙe kotso. Duk da haka, sunan jagora kaɗai ake tunawa.

Haka abin yake a kiɗan jaz na baƙaƙen fatar Amurka. Waƙar "Take the A Train", wadda ƙungiyar Duke Ellington ta ɗauka a faifai a 1941, da yawa sun zaci shi ya tsara ta, alhali Billy Strayhorn ne. Bambancin shi ne, can an rubuta sunan mai ita a jikin faifai.

Wannan darasi ne ga waɗanda suka yi yaƙi da jahilci. Dattawan da suka yi wa makaɗan Tsibiri da na Maraɗi amshi suna ƙarewa. Tun 1968 aka buɗe cibiyar tattara adabin baka a Yamai, amma ba ta iya shiga kowane ƙauye. Wanda ya iya alƙalami, ya zauna da su, ya rubuta waƙar, da sunan jagora, da na ƴan amshi, da na sarkin da aka yi wa.