Cornelis Vreeswijk: Baƙon Da Ya Gagari 'Yan Gida A Waƙar Suwidin

A shekarar 1964 wani mawaƙi mai babbar murya a birnin Stockholm, Fred Åkerström, ya ja hannun wani abokinsa zuwa kamfanin faifai na Metronome. Ba don abokin ya yi faifai aka kai shi ba. Åkerström ne yake sha'awar wasu waƙoƙin da saurayin ya rubuta, yana so ya rera su da kansa, shi ya sa ya ce ya zo ya jiyar da Anders Burman, mai shirya faifai a kamfanin. Saurayin ya ɗauki jita ya fara. Muryarsa a dushe take, rabi waƙa rabi magana, kamar mai ba da labari a bakin shago. Da Burman ya gama saurare sai ya ga babu dalilin ba wani waɗannan waƙoƙin alhali ga mai su a zaune. Ɗan rakiya ya zama ango. Kafin shekarar ta fita faifansa na farko ya shiga kasuwa, sunan Cornelis Vreeswijk kuwa ya shiga bakin mutanen Suwidin, duk da wahalar faɗa da yake yi musu, domin ba sunan ƙasarsu ba ne.

An haifi Cornelis ranar 8 ga Agusta, 1937, a IJmuiden, wani garin tashar jiragen ruwa a Holan. Ƙuruciyarsa ta faɗa cikin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojojin Jamus suka mamaye ƙasar daga 1940 zuwa 1945. Suwidin ba ta shiga yaƙin ba, masana'antunta ba su rushe ba, don haka bayan ƙura ta lafa ta zama wurin da masu neman abinci suke dosa. A 1949 iyayensa suka kwashe iyali suka koma can. Yana ɗan shekara 12 ya shiga aji ba ya jin abin da malami yake faɗa.

Abin da ya biyo baya shi ne abin mamakin labarin. Yaron ya kama harshen da hannu biyu. Ya karanta duk abin da ya faɗo hannunsa, ya kuma buɗe kunne ga maganar titi. Wanda ya koyi harshe da wayonsa yakan ji abin da 'yan gida suka daina ji saboda sabo, kuma da alama haka ta faru da shi: tsohuwar kalmar littafi da ashar ɗin direban mota duk kaya ne a wurinsa, yana iya jera su a baiti ɗaya ba tare da jin nauyi ba. Daga baya iyayensa suka koma Holan, shi ya zauna.

Kafin waƙa ta ɗauke shi ya taɓa ayyuka da dama. Ya yi aikin jirgin ruwa. Ya yi aikin kula da marasa lafiya a Beckomberga, babban asibitin masu taɓin hankali na Stockholm. Ya kuma shiga makarantar koyon aikin jin daɗin jama'a, inda ake horar da ma'aikatan da ke bin sawun mashaya da marasa galihu. Bai zama ma'aikacin gwamnati ba, amma mutanen da aka koya masa rubuta rahoto a kansu su ne suka cika waƙoƙinsa.

Sai an san fagen da ya shiga sannan za a gane girman abin da ya yi. Mutanen Suwidin suna da nau'in waƙar da suke kira visa, wadda ba ruwanta da bizar tafiya. Waƙa ce ta mutum ɗaya da abin kiɗansa, baiti na bin baiti, labari ne ƙashin bayanta, kuma duk daɗin kiɗa idan ba a ji kalmomin ba an yi asara. Mai karatu da ya san yadda marigayi Ɗan Maraya Jos yake zama shi kaɗai da kuntiginsa ya zana rayuwar ƙaramin ma'aikaci ya riga ya san yanayin abin. Kakan wannan fage shi ne Carl Michael Bellman, wanda ya rayu daga 1740 zuwa 1795, ya kuma waƙe mashaya da matsiyatan Stockholm na zamaninsa. Bayansa sai Evert Taube, 1890 zuwa 1976, mawaƙin teku da tsibirai da tafiye-tafiye, wanda hotonsa yake jikin takardar kuɗi ta kurona 50 a yau.

Zuwa farkon shekarun 1960 visa ta zama 'yar lele. An wanke ta, an shafa mata mai, ana rera ta a zauren masu hali da murya mai ladabi, furanni da hasken bazara su ne zancenta. Har Bellman, wanda waƙoƙinsa suke warin giya da talauci, an mai da shi abin ado. Cikin wannan tsafta Cornelis ya shigo da takalminsa. Sunan faifansa na farko ma sanarwa ce: Ballader och oförskämdheter, wato waƙoƙin labari da fitsara. A ciki har da waƙar da aka kafa a kan juji. Na biyu, a 1965, ya sa masa suna mai ɗauke da kalmar gatsine. Karuwai, mashaya, fursunoni, mutumin da ya rasa aiki, su ya ɗora a gaba, kuma ba da muryar mai tausaya musu daga nesa ba, da muryar wanda ya kwana a unguwarsu. Gidan rediyon ƙasar ya hana sa wasu daga cikin waƙoƙin. Kamar yadda aka saba, hanin talla ya zama.

Kiɗan nasa ma ba na gida zalla ba ne. Ya sha salon bulus na baƙaƙen Amurka daga faifan Josh White da Lead Belly, ya kuma ɗauki kaifin baki daga Bafaranshen nan Georges Brassens. A 1966 ya yi faifai da Jan Johansson, gwanin fiyano wanda ya riga ya mai da tsofaffin kaɗe-kaɗen ƙauyukan Suwidin kiɗan jaz, ya kuma rasu a haɗarin mota bayan shekara biyu. A 1968 aikin fim ya kai Cornelis Birazil, ya dawo da samba a jakarsa. A gaskiya ba kowane gwaji ne ya zauna daidai ba, kuma mutumin da ya fitar da faifai da yawa haka dole a sami tsakuwa cikin shinkafarsa. Amma idan abin ya kama, sai ka ji harshen da aka sani da sanyi yana rausaya.

Yana da wata dabara da ya gada daga Bellman: 'yan wasa na dindindin. Akwai Fredrik Åkare, akwai Ann-Katarin, akwai Polaren Per, mutanen da ya ƙirƙira suke ta dawowa daga waƙa zuwa waƙa, yau cikin soyayya, gobe cikin maye, jibi a ofishin masu ba da tallafi. Mai saurare yakan san su kamar maƙwabta. Ga kuma ban dariya. Ɗaya daga cikin waƙoƙinsa da suka fi yaɗuwa, Brev från kolonien, wasiƙa ce da wani yaro ya aika wa iyayensa daga sansanin hutun yara, yana ba su labarin ɓarnar da ake tafkawa a wurin cikin fara'a, sannan ya roƙi kuɗi. Ya ari karin ne daga waƙar barkwanci ta Ba'amurke Allan Sherman, amma abin da ke ciki na Suwidin ne tsantsa. Irin waɗannan waƙoƙin na raha sun kawo masa kuɗi da suna, sun kuma zame masa ƙarfen ƙafa, domin duk inda ya je su ake nema, ko da yana da abin da ya fi su nauyi a baki.

Bai raina magabata ba. A 1969 ya yi faifai guda na waƙoƙin Taube, a 1971 da 1977 ya yi na Bellman, ya kakkaɓe musu hodar da aka shafa, ya rera su da kiɗan bulus da muryar titi. A 1978 ya fassara waƙoƙin Víctor Jara, mawaƙin ƙasar Chile da sojoji suka kashe bayan juyin mulkin 1973. Ra'ayinsa na 'yan gurguzu ne, bai ɓoye ba, amma hakan bai hana masu tsattsauran ra'ayi a cikinsu zarginsa da yi wa manyan kamfanoni waƙa don kuɗi ba. Ga masu mulki ya cika tsaurin ido, ga 'yan tawaye bai isa ɗan tawaye ba. A ƙasar haihuwarsa ma ya gwada sa'a da harshen Holan, waƙarsa Veronica ta yi kasuwa a can a 1972, sai dai sunansa bai taɓa kai wanda yake da shi a Suwidin da Norwe ba.

Rayuwarsa ta gida kuwa ba abin koyi ba ce, kuma masu sonsa ba sa musun haka. Giya ta riƙe shi, ƙwaya ta biyo baya. Ya yi aure uku, kowane auren ya mutu. Kishi da zafin rai sun jawo masa faɗace-faɗace, ya shiga gidan yari, tuƙi cikin maye yana daga cikin laifukan da suka kai shi. Kuɗi suna shigowa ta ƙofa suna fita ta taga, hukumar haraji kuma ta bi shi da bashin da bai gama biya ba har ƙarshen ransa. Jaridun tsegumi sun ci abinci da shi shekara da shekaru.

A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da ake ganin tasa ta ƙare, sai matasan da ba a haifa ba sa'ad da ya fara suka gano shi, zauruka suka sake cika. Amma jiki ya riga ya gaji. Ciwon suga ya kama shi, sannan sankarar hanta. Cikin ciwon ya shiga ɗakin ɗaukar murya ya kammala faifansa na ƙarshe, Till Fatumeh, sunan da kunnen Bahaushe ba zai ji shi baƙo ba. Ya rasu a Stockholm ranar 12 ga Nuwamba, 1987, yana da shekara 50.

An binne shi a maƙabartar cocin Katarina da ke unguwar Södermalm, aka kuma nuna jana'izar a talabijin na ƙasa, a ƙasar da rediyonta ya taɓa toshe masa baki. Ɗansa Jack ya gaji sana'ar, ya yi ta rera waƙoƙin uban. Akwai kyautar shekara-shekara da ake ba mawaƙa da sunansa. A 2010 darakta Amir Chamdin ya yi fim a kan rayuwarsa, wani mawaƙin Norwe, Hans-Erik Dyvik Husby, ya fito a matsayinsa. Kusa da inda yake kwance akwai ƙaramin lambu mai suna Cornelisparken, da mutum-mutuminsa a ciki. Shekara 38 ya yi daga ranar da ya sauka Suwidin zuwa ranar da ya rasu, kuma bai taɓa karɓar takardar zama ɗan ƙasar ba. Da fasfon Holan ya mutu.