Motar da ke Maƙalewa a Giya ta Uku

Da sassafe motar lafiya lau take. Tokumbo ce mai giyar atomatik huɗu, tana canza giyarta sumul, ba ka ko ji. Sai an yi tafiya mai ɗan nisa, inji ya ɗau zafi, sannan a ji wani "gwaf" daga ƙasa, fitilar inji ta kama, daga nan kuma mota ta tsaya a giya ta uku ta ƙi motsawa sama ko ƙasa. A danja, in an saki hannu, da ƙyar take tashi. Abin da ya fi ɗaure kai: in an kashe ta an sake tayarwa, sai ta koma garau, na ɗan lokaci.

Makaniken farko bai yi wata-wata ba, ya ce a sauke giyabos. Wannan hukunci ne da ake yawan yankewa a garejinmu, kuma yana ci mini rai, domin kuɗin sauke giya da buɗe ta ba na wasa ba ne, sau da yawa kuma ba ta da laifi. Mai motar ya ƙi, ya kai wa wani dattijon makanike a Kano.

Shi wannan da sandar awon mai ya fara. Man giya ja ne, tsaf, babu ƙaurin ƙonewa, kuma ya kai alama. Da faifan kulocin ciki sun cinye, da man ya yi duhu ya yi ƙauri. Sai ya ce, "Alhaji, ƙarfen da ya lalace ba ya warkewa don an murza makulli. Abin da kashewa da kunnawa ke gyarawa, a ɓangaren wuta yake."

Dalilinsa na nan a yadda giyar zamani ke aiki. Hydra-Matic da kamfanin General Motors na Amurka ya sa a motocin Oldsmobile na 1940, da ire-irenta na shekaru da dama bayanta, da ƙarfin mai kaɗai suke yanke shawarar canza giya. Na yanzu kuwa kwamfuta ce ke yankewa. Tana karɓar labari daga sensoji: nawa aka taka totur, saurin juyin sandar da ke shiga giyabos, saurin wadda ke fita zuwa tayoyi, da zafin mai. Daga nan sai ta tura wuta ga solinoyid, wato ƙananan makunnai masu maganaɗisu da ke buɗe wa mai hanya ko su toshe. Man da aka buɗe wa hanya shi ke matse wani kuloci ya saki wani, giya ta canza.

To idan kwamfutar ta daina samun labari mai ma'ana fa? Ba ta caca da giyabos. Sai ta yanke wa solinoyid wuta, sifirin ya mayar da kowane bawul mazauninsa na asali, wanda maƙera suka tsara ya ba da giya ɗaya tak, a wasu motoci ta biyu, a wasu ta uku. Ƙarfin mai kuma ya hau ƙololuwa don kada kuloci ya zame ya ƙone, shi ne gwaf ɗin da ake ji. Ashe motar kare kanta take yi, ta isar da kai gareji da ɗingishi.

Saura a san wane labari ne ya yanke. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka na ɗauke da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, tsarin OBD-II. Aka jona na'ura, ta fitar da P0720: matsala a layin sensar saurin fita. Nan mai motar ya tuna abin da bai faɗa ba, cewa allurar gudu kan faɗi ƙasa daidai lokacin gwaf ɗin. Magana ta haɗu. Aka sayo sabuwar sensa aka ɗaura.

Washegari ciwon ya dawo.

Dattijon bai zargi sabuwar sensar ba. Ya ce layi ne lambar ta ambata, layi kuma ya haɗa da sensa da waya da soket, har zuwa ƙwaƙwalwar motar. Ya sa aka ɗaga tayoyin gaba, aka bar inji ya yi zafi sosai, aka saka giya. Yaronsa na kallon na'ura, shi kuma yana bin damin wayoyi da hannu, yana girgiza su gaɓa-gaɓa. Da ya iso kusa da bututun salansa, yaron ya ce, "Oga, ta faɗi sifili!"

Maƙalin da ke riƙe damin ya karye tuntuni, wayoyin suka kwanto kusa da bututun. Robar waya ɗaya ta narke, tagulla ta leƙo kamar ƙwayar shinkafa. Da sanyi robar a sandare take, tana tare wayar. In ta ji zafi ta yi laushi, inji ya girgiza, sai tagullar ta taɓa ƙarfe, saƙon sensa ya zube a jikin mota.

Aka yanke wurin, aka yi masa dalma, aka naɗe, aka ɗaure damin nesa da salansa, aka goge lambar. Don a tabbatar, dattijon ya mayar da tsohuwar sensar, suka hau titin Zariya da inji mai zafi. Ta shiga ta huɗu, allura ba ta ko girgiza ba.