Gangar Noma da Kiɗan Samba: Me Ke Sa Jiki Ya Bi Kiɗa?

Tun kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda ta buɗe noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, gayya ce ke rage wa manomi nauyin aiki. Samari kan jera a kunya, makaɗin gangar noma na biye da su yana kiɗa taken kowa, hauyoyi na sauka tare kamar hannu ɗaya.

Irin wannan haɗin kai shi ne ginshiƙin kiɗan samba na ƙasar Burazil. Tushensa na wajen bayin da aka kwasa daga Afirka, musamman Angola da Kwango, aka kai jihar Bahiya. Akwai Hausawa ma a can, har sun yi yunƙurin tawaye a 1807 da 1809. Daga Bahiya kiɗan ya bi masu ƙaura zuwa birnin Riyo, inda aka kafa ƙungiyar samba ta farko a 1928. A yau ƙungiyar unguwa ɗaya takan fito da makaɗa fiye da 200.

To, yaya jama'a mai yawa haka ke kiɗa ba a saɓa ba? Sauti na tafiyar mita 340 a daƙiƙa. Ke nan wanda ke mita 34 daga babbar ganga zai ji bugunta a makare da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. In da jira yake ya ji kafin ya buga, da kiɗan ya wargaje. Abin da ke faruwa shi ne, sassan ƙwaƙwalwa masu sarrafa motsi sukan kintaci lokacin bugu na gaba, su shirya tsoka tun bai iso ba.

Bugu da ƙari, binciken Farfesa Robin Dunbar na Jami'ar Oxford a 2012 ya nuna masu kiɗa da waƙa da rawa sun fi masu sauraro kawai jure zafi. Ana danganta wannan da sinadarin endofin, wanda jiki ke saki don rage raɗaɗi. Ashe makaɗin gayya maganin gajiya yake rabawa.

Yanzu tarakta da ƙodago sun ci kasuwar gayya, makaɗan kuwa suna tsufa. Ya kamata malamai su tura ɗalibai ƙauyukansu su ɗauki taken noma a waya, su ƙirga bugu nawa ake yi a minti, su gwada shi da saurin saukar hauya.