Diyyar Ma'aikacin da Ya Ji Rauni a Bakin Aiki: Ina Za a Sami Lauya?

Daga gundumar Bilbis ta ƙaramar hukumar Tsafe, kamar sauran ƙauyukan da ke gefen hanyar Funtuwa zuwa Gusau, samari da magidanta sukan fita neman kuɗi da zarar an kawar da amfanin gona. Wasu su kama leburanci a wuraren gine-gine a Gusau, wasu lodin buhuna, wasu aikin injin niƙa ko na katako, wasu kuma fasa dutse. A irin waɗannan ayyuka ne inji kan datse yatsu, ko mutum ya faɗo daga saman gini ya karye. Abin da aka saba gani shi ne maigidan aiki ya biya kuɗin asibiti na 'yan kwanaki, ya ba da ɗan abin cefane, a ce ƙaddara ce, a rufe magana. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta hana mutum karɓar haƙƙin da doka ta ba shi.

Biyan diyyar ma'aikata ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin Turawa akwai dokarsa, sa'an nan gwamnatin soja ta sake ta da dokar soja mai lamba 17 ta 1987. Wadda ake aiki da ita yanzu ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu cikin watan Disamba na wannan shekara. Ta ɗora aikin a wuyan hukumar asusun inshorar ma'aikata ta NSITF, ta kuma tilasta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 daga cikin 100 na jimlar albashin da yake biya kowane wata a cikin asusun. Haramun ne ya yanko kuɗin daga albashin ma'aikaci.

Abin da ya kamata mutanenmu na karkara su riƙe shi ne, dokar ba ta ma'aikatan ofis kaɗai ba ce. Ta haɗa da ɗan ƙwadago na wucin gadi, da mai koyon sana'a, da mai aikin gida wanda ba ɗan gidan ba ne. Sojoji ne aka ware. Har haɗarin da ya sami mutum a kan hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki yana ciki, haka nan cutar da aikin ya jawo, da kurumcewa saboda ƙarar injuna. Kuma ba sai ma'aikaci ya tabbatar da laifin maigida ba ne zai sami diyyar. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya, an tanadar masa kashi 90 daga cikin 100 na albashinsa kowane wata. In rasuwa ce, matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana da kashi 90 ita ma.

To, inda gizo yake saƙa shi ne wa'adi. Ma'aikaci, ko iyalinsa in ya rasu, yana da kwana 14 ya sanar da maigidan aiki. Shi kuma maigidan yana da kwana 7 ya kai rahoto ga hukuma. Takardar neman diyya kuwa dole ta shiga cikin shekara ɗaya, sai fa in akwai uzuri mai ƙarfi da hukuma ta karɓa, nan ne akan ɗaga ƙafa har zuwa shekara uku. Mutumin da aka kwashe daga asibitin Gusau aka kai shi gida wajen maɗori ya yi wata huɗu a kwance, yana jiran alkawarin da maigida ya yi masa da baki, ya riga ya ci kashi ɗaya cikin uku na lokacinsa bai sani ba. Domin haka neman lauya aiki ne na makon farko, ko da wani ɗan'uwa ne zai yi zirga-zirgar.

Ba dole sai da lauya ake cika takardar hukumar ba. Amma akwai wurare da dama da rashinsa kan jawo asara. Na farko, idan aka tarar maigidan bai yi rajista da NSITF ba, ko ba ya zuba kuɗi, wanda kuwa shi ne halin yawancin ƙananan 'yan kwangila da masu injuna. Na biyu, idan ya musanta cewa mutumin ma'aikacinsa ne, tun da babu takardar ɗaukar aiki. Sai kuma babban zaɓi: karɓar diyyar hukuma, ko shigar da ƙara a nemi fansar sakacin wanda ya jawo haɗarin. Ba a cin biyu a kan rauni ɗaya. Ƙara tana iya kawo kuɗi mai kauri a dunƙule, amma tana buƙatar hujja, tana cin lokaci, kuma ana iya faɗuwa. Wannan hisabi ba na a yi shi a gindin bishiya ba ne.

Wata kuskurewar da akan yi a jiharmu ita ce kotun da za a nufa. Tun da aka faɗaɗa shari'ar Musulunci a Zamfara a shekarar 2000, da an ambaci diyya sai hankalin mutum ya tafi kotun shari'a, ko kuma ya kai kuka wajen hakimi. Sulhu alheri ne, ba mai musun haka. Sai dai gyaran da aka yi wa tsarin mulki a 2010, sashe na 254C, ya keɓe shari'un ƙwadago ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da mazauni a Sakkwato da Kaduna da Kano. Lauyan da ya ƙware a shari'ar gona ko ta gado ba lalle ne ya san ƙa'idojin wannan kotu ba. Tambaya ta farko da za a yi masa ke nan: ya taɓa tsayawa a gabanta a kan maganar rauni?

Ga wanda ba shi da hali, ƙofar farko ita ce Hukumar Taimakon Shari'a ta Gwamnatin Tarayya, wadda aka kafa a 1976, mai ofis a hedkwatar kowace jiha. Dokarta ta 2011 ta ambaci neman diyyar ma'aikata ƙarara cikin shari'un da take ɗauka kyauta, ga mutumin da abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda aka mayar Naira dubu 70 a 2024. Lauyoyinta ba su da yawa, aiki kuma ya yi musu yawa, don haka sai an riƙa bibiya. Bayan ita akwai reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya da ke Gusau, inda za a iya tambayar wanda ya san fannin, da kuma ƙungiyar ƙwadago ga wanda yake cikinta.

Wanda zai ɗauki lauya mai zaman kansa kuwa, ya kula da 'yan kamasho da ke yawo a harabar kotu da ta asibiti suna cewa sun san hanya. Ƙa'idar aikin lauya ta hana farautar masu ƙara ta wannan hanya. Lauya na gaskiya sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli, yana da ofis da za a same shi, kuma yana manna hatimin ƙungiyarsu a takardun da ya sa wa hannu. An yarda a yi jinga da shi a kan wani kaso na abin da aka samu a ƙarshe, amma a rubuta: kashi nawa ne, wa zai biya kuɗin shigar da ƙara da na mota zuwa Sakkwato, me zai faru in an faɗi. A nemi a karanta wa mutum da Hausa a gaban wani nasa kafin ya dangwala hannu.

Ranar zuwa wurinsa kada a tafi hannu rabbana. A tafi da katin asibiti, da rahoton likita, da hoton ƙashi, da rasiɗan magani, da sunayen abokan aikin da suka ga abin da ya faru, da duk wata shaidar biyan albashi, ko da saƙon banki ne a waya. Shi ya sa ma, ko za a je wa maɗori, a fara da asibiti, domin hukuma da kotu takardar likita suke dubawa.

Idan kuma an riga an ba mutum 'yan kuɗi aka sa shi ya sa hannu cewa ya yafe, kada ya ɗauka magana ta ƙare. Sashe na 13 na dokar ya ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da maigidansa ta barin haƙƙin da dokar ta ba shi, rusasshiya ce. A kai takardar ga lauya ya duba. Wanda hukumar ta hana shi diyya, ko ta yanka masa abin da bai gamsu da shi ba, yana da kwana 180 ya nemi ta sake duba hukuncinta, in bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ma'aikata.